Fitilar Murjanin Auta

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta tafi yau. Asibitin da take aikin jinya sun tura ta reshensu na wani gari, sai bayan wasu watanni. Mamanta ta yi kuka a tasha. Ni ban yi ba, hayaƙin mota ne ya shigar mini ido.

Ta bar mini amanar tankinta. Akwatin gilashi ne a kusurwar falo, bai kai tsawon hannuna ba. Ruwan gishiri, duwatsu, kifi biyu masu launin ruwan lemo, sai murjani. Ni a sanina murjani abin wuya ne, sai da yarinyar nan ta nuna mini abu ne mai rai, yana ci, yana girma, yana kuma mutuwa. Babban cikinsu tun yana kamar kan ɗan yatsa ta samo shi, tana makaranta. Yanzu ya yi rassa ya cika tsakiyar tankin. Shi take fara leƙawa da safe kafin ta gaishe mu, na sha yi mata tsiya a kan haka.

Ta nuna mini komai. Abinci ɗan kaɗan, ƙarin ruwa idan ya ja baya, goge gilashi. "Fitilar kuwa, Baba, kada ka taɓa ta, ita ke kunna kanta ta kashe kanta." Na ce to. Ni da na tsufa ina haɗa fentin mota, yau ni ake koya wa zancen haske.

Asabar, 8 ga Maris

Kifin lafiya lau. Sun gane ni, da na matso sai su taso.

Fitilar nan dai ba ta yi mini ba, kuma ba yau ba ne. Wani shuɗi-shuɗi mai duhu, kamar tocilar da batirinta ya yi sanyi. Sai na manna hanci a gilashi kafin in ga rassan. Ban taɓa faɗa wa Auta ba don kada ta ce na raina mata kaya.

Laraba, 12 ga Maris

Fitilar ta mutu. Ta yi ta ƙifta ido tun jiya, yau da safe shiru. Wallahi ban taɓa ta ba. Na kai wa mai gyaran rediyo na kan kwana, ya buɗe, ya shinshina, ya ce ta ƙone ƙurmus.

Maman yara ta ce in kira Auta. Na ce a kan fitila? Yarinya tana can tana fama da marasa lafiya, in tayar mata da hankali a kan abin da zan iya gyarawa da hannun hagu?

Ta ce, "To, Malam." Irin to ɗin nan nata.

Asabar, 15 ga Maris

Na je shagon kifin da Auta ke sayayya. Mai shagon wani siriri ne mai tabarau, ya san ta, har ya tambayi babban murjanin kamar ɗan gidanmu. Ya tambayi zurfin tankin, na gwada masa da hannu. Ya ɗauko wata ƙaramar fitila irin tata sak, ya kunna a kan tankinsa. Ya ce wannan ta isa har ta yi yawa, tanki ne marar zurfi, kuma murjani shuɗin haske yake so, farin don idonmu ne kawai ake ƙarawa.

Na ce ai wannan ba ta da haske.

Ya dubi fitilar, ya dube ni. "Wannan ɗin, Baba?"

Na nuna wata babba a sama, mai maɓallin murɗawa biyu, ɗaya na shuɗi ɗaya na fari. Ya ce ta manyan tankuna ce, masu tsawon gado. Na ce ita nake so. Ya yi ta kewaye-kewaye, na ce masa ni da launi muka tashi, mota in ta wuce a guje zan faɗa maka me aka zuba a fentinta. Sai ya naɗe mini. Yana miƙo mini yana cewa in rataye ta can sama, in fara daga ƙasa-ƙasa, shuɗin kawai, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan mako bayan mako, don murjani ba ya son canji farat ɗaya.

Na ce to. Irin wanda nake ce wa masu mota idan suna koya mini aikina.

Lahadi, 16 ga Maris

Na ɗaura ta. Na fara ƙasa-ƙasa kamar yadda ya ce, don kada a ce ban ji magana ba. Duhu. Na ƙara, duhu. Na murɗe duka biyun har ƙarshe, na kuma sauko da ita dab da ruwa.

Kai! Yau na ga tankin Auta. Kowane reshe, kowane ramin dutse. Raina ya yi fari tas.

Maman yara ta fito daga kicin ta kare fuska da hannu. "Malam, filin ƙwallo ka kawo mana falo?" Na ce ke dai ba ki san abu mai kyau ba. Kifin sun shige bayan dutse, baƙunta ce, za su saba.

Ba zan faɗa wa Auta ba. In ta dawo ta ga abin mamaki.

Talata, 18 ga Maris

Da yamma na zauna gaban tankin har shayina ya huce.

Juma'a, 21 ga Maris

Raina a ɓace na dawo. Mai farar motar nan da na fesa wa ƙofa ya dawo da ita, wai ƙofar daban jikin daban. Na fito da ita rana, na duba ta gaba, na duba ta gefe, ban ga komai ba. Na kira Guduma, abokin aikina mai bugun bodin mota, mutumin da muke rumfa ɗaya tun muna da gashi baƙi, don ya shaida. Ya sosa ƙeya ya ce, "Akwai ɗan bambanci, amma kaɗan ne."

A gaban mai mota! Na ce a sake, a wuyana. Fentin yanzu ne ba shi da kirki, gwangwani ɗaya kala biyu.

Lahadi, 23 ga Maris

Babban murjanin ya yi haske, ya koma ruwan zuma, gwanin sha'awa. Maman yara ta tsaya a kansa ta ce, "Anya abin nan ba koɗewa yake ba?" Na ce washewa yake, ya daɗe a duhu.

Gilashin yana saurin yin gansakuka yanzu. Kullum sai na goge.

Auta ta kira. Muryarta a gajiye. Ta tambayi murjaninta kafin ta tambayi ciwon ƙafar mamanta, na ce mata sai ƙyalli yake. Ta ce in turo hoto. Na tura na kifin, daga kusa, yadda fitilar ba za ta fito ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Ƙananan murjanin da ke kan dutsen gefe sun tsuke, ba sa buɗewa. Ko abincin ne? Na rage.

Asabar, 29 ga Maris

Ina gareji maman yara ta ɗauki hoton tankin gaba ɗaya ta tura wa Auta. Ina shigowa gida waya na ƙara.

Ko gaisuwa ba mu gama ba. "Baba, ina fitilata?" Na fara bayani, ta ƙone, na sayi wadda ta fi ta. "Baba, don Allah ka je ka kashe ta yanzu, ina kan layi." Na ce ai murjanin ya fi kyau.

"Fari ne fat, Baba. Kamar ƙashi."

Ina tsaye a gabansa tana faɗa. Ruwan zuma nake gani. Na rantse ruwan zuma nake gani.

Ta yi mini bayani a hankali, abin da ya fi mini ciwo ke nan, gara a ce ta yi faɗa. Wai akwai wasu ƙananan halittu a cikin naman murjani, su ke ba shi launi, su ke ciyar da shi daga haske. Idan haske ya yi musu yawa farat ɗaya sai ya tofar da su, ya zauna da yunwa. Farin nan ba kyau ba ne, yunwa ce.

Da ta ajiye waya na juya kan mamanta, na ce kin kai ƙarata wurin 'yar cikina. Ta ce, "Na faɗa maka tun ranar Lahadi." Borin kunya nake, na sani, amma ban daina ba sai da ta shige ɗaki.

Lahadi, 30 ga Maris

Ban ci abin kirki ba. Tankin duhu, gidan shiru.

Talata, 1 ga Afrilu

Auta ta roƙi mai shagon kifi ya zo. Ya zo bayan ya rufe shago, ya cire takalmi a bakin ƙofa, bai ce na faɗa maka ba. Ya mayar da fitilar can sama, ya kashe farin, ya bar shuɗin ɗan kaɗan. Ya ce rassan sama da wuya su tashi, na ƙasa da suka sami inuwa sai abin da Allah ya yi. Kada a ƙara, kada a rage, a bar shi ya huta.

Na raka shi waje. Yana saka takalmi ya ce, "Baba, kada ka ga na yi shisshigi. Mahaifiyata ma haka ta yi ta cewa gidanmu duhu, muka yi ta canza mata ƙwan lantarki. Ashe yanar ido ce ke damunta."

Na ce na gode, a gaida gida. Na rufe ƙofa da ɗan ƙarfi.

Yana! Ni?

Asabar, 5 ga Afrilu

Na ba maman yara labarin don ta taya ni jin haushi. Tana ninke wanki, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, ka san tun yaushe nake canza maka safa a bakin ƙofa? Ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya kake sakawa." Ta ce tuƙin yamma ma na daina ba tare da na faɗa ba, kullum da dalili, yau gajiya gobe cunkoso.

Na ce me ya hana ki magana?

"Wa ya isa ya yi maka maganar ido?"

Gaskiyarta, babu wanda ya isa. Ni na mayar da abin haka.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na tsare Guduma a bayan rumfa, na ce ya faɗa mini tsakaninsa da Allah. Ya yi ta murza tsumma a hannu. Ya ce farar ƙofar nan ba ita ce ta farko ba. Akwai waɗanda in na tafi cin abinci yake ɗan gyara haɗin kafin a fesa, ɗigo ɗaya nan, ɗigo ɗaya can. Shi da ko sunan kaloli bai gama riƙewa ba.

"Ban so ranka ya ɓaci ba," in ji shi.

Kowa ba ya so raina ya ɓaci. Ni ma ban so na Auta ya ɓaci ba, ga inda muka tsaya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Naman rassan sama yana saɓulewa. Maman yara ce ta faɗa mini, ni ba na gani a wannan hasken. Abin haushin ke nan: in na so in duba lafiyarsa sai na ƙara haske, hasken kuma shi ya kashe shi. Hannuna ya je kan maɓallin, na janye.

Da na ɗauki ƙaramar. Da na bar ta ƙasa-ƙasa. Da na ɗaga waya ranar Laraba ɗin nan, magana ce ta minti biyu. Haka nake ta juya su a raina ina goge gilashi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Auta ta kira mamanta. Ta ce a gaishe ni.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na je asibitin ido. Ban faɗa wa kowa ba sai da na dawo.

Likitar ba ta girmi Auta da yawa ba. Ta ɗiga mini magani, ta haska, ta sa ni karanta allo, na karanta layin sama da na biyu, sauran na ƙirƙira. Ta ce yana ce a duka biyun, na dama ya fi. Irin wadda ke rina komai ya koma rawaya-rawaya a hankali, har mutum ba ya lura, kuma shuɗi take fara cinyewa. Da ta ji sana'ata sai ta ajiye biro. "Baba, da wannan idon kake haɗa fenti?"

Ta ce aiki ne ƙarami, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarami a wurinta. Ido ne, da shi na ciyar da gida, da shi na biya wa yarinyar nan makaranta. Tsoro nake ji, a nan dai zan iya rubutawa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na kira Auta da kaina na faɗa mata. Ta yi tambayoyi, wane ido za a fara, akwai hawan jini, wa zai raka ni. Duk daidai, duk da ladabi. Muryar da take yi wa marasa lafiya ce. Ba ta tambayi murjani ba, ni ma ban tayar ba.

Talata, 6 ga Mayu

An yi aikin idon dama. Ba zafi. Maman yara ce ke riƙe da ni kamar yaro.

Alhamis, 8 ga Mayu

Jiya aka cire bandeji. Rubutun ma yau ya fi fita, ashe takardar nan fara ce.

Labulen falonmu ruwan toka ne mai shuɗi-shuɗi, ni na ɗauka ruwan ƙasa ne. Maman yara ta yi furfura fiye da yadda na sani, na faɗa mata, ta ce a mayar mini da tsohon idon.

Sai tankin. Fitilar na nan a ɗan kaɗan ɗin da mai shago ya bari, wanda nake kira duhu. Shuɗi ne mai ƙarfi har ya zubo kan tabarma, har bango ya ɗauka. Na rufe na dama, duhu ya dawo. Na buɗe, haske. Na yi ta yi kamar mai wasa, amma ba dariya nake ba. In wannan ne ɗan kaɗan, to me na kunna musu ranar nan? Har ƙarshe, duka biyun, dab da ruwa. Su kuma ba su da fatar ido da za su rufe.

Babban murjanin fari ne fat, inda gansakuka ba ta hau ba. Shi na ce wa Auta sai ƙyalli yake.

Na daɗe a zaune. Maman yara ta kawo shayi ta ajiye.

Asabar, 17 ga Mayu

Auta ta zo hutun kwana biyu. Ta rame. Ta gaishe mu, ta buɗe mini ido da yatsa ta duba, ta ce ya yi kyau. Sai da ta yi wanka ta ci abinci sannan ta je kusurwar. Na so in bar falon, ƙafata ta ƙi.

Ta naɗe hannun riga, ta ciro babban murjanin gaba ɗaya. Ya yi ƙara a cikin roba kamar fasasshen kofi. Ta juya shi, ta sake juyawa. Can ƙasa, inda wani reshe ya yi wa ɗan'uwansa inuwa, akwai ɗan wuri mai kore-kore. Ta sa almakashinta ta yanke shi, ta manna a kan ƙaramin dutse, ta ajiye a ƙasan tankin. Sauran ta naɗe a jarida.

Na ce, "Auta, ki yafe mini." Ban shirya ba, fitowa ya yi.

Ba ta juyo ba. "Fitila kan ƙone, Baba. Idon ma ba kai ka sa wa kanka ba. Da dai ka kira ni."

Na ce ban so in tayar miki da hankali ba.

"Shekara nawa ina rainonsa," ta ce, sai muryar ta karye. Wannan karon muryar 'yata ce, ba ta asibiti ba. Na rasa inda zan sa kaina.

Wurin cin abincin yamma ta ce gobe za ta kai ɗan guntun shagon kifi, a riƙe mata har ta dawo gaba ɗaya. Na ce hakan ya yi. Me zan ce?

Lahadi, 18 ga Mayu

Ta tafi da motar rana. Kafin ta fita, har ta ɗauko robar da za ta saka ɗan guntun, ta tsaya gaban tankin, ta daɗe. Sai ta mayar da robar kicin. Ta ce wai ya sha wahala, sake canza masa ruwa da haske yanzu zai iya ƙarasa shi. Wataƙila dalilin ke nan. Ban tambaya ba.

A bakin ƙofa ta ce, "Ko me ka gani, Baba. Ko ba komai ba ne."

Lahadi, 1 ga Yuni

Aikin idon hagu sai wata mai zuwa. Na koma aiki rabin yini. Jiya kafin in fesa wata shuɗiyar mota na ce Guduma ya zo ya ga gwajin fentin, don dai yana kusa ne.

Ɗan guntun yana nan. Yau da safe sai na ga kamar gefensa ɗaya ya yi haske-haske. Na duba da na dama, na duba da duka biyun, ban tabbata ba. Da idona ne kawai da na ce lafiya lau. Na kira maman yara daga kicin, ta zo da ludayi a hannu ta leƙa, ta ce ita kore take gani, amma ba za ta rantse ba.

Na ɗauki hoto, tankin duka, har da fitilar. Na san Auta tana bakin aiki a wannan lokacin, kuma mai yiwuwa ba komai ba ne. Na tura, sannan na kira.

Ta ɗaga tun ƙara ta farko.